Rabin Gidan Yana Filin Maƙwabci

A daren 9 ga Mayu, 1960, mai ɗaukar hoto Julius Shulman ya kafa kyamararsa a bakin wani sabon gida a kan tsaunukan Holiwud, ya ɗauki hoton da har gobe shi ake fara jawowa in zancen gidajen zamani na tsakiyar ƙarni na 20 ya taso. Mata biyu ne zaune a kusurwar wani falo na gilashi tun daga daɓe har rufi, falon ya zarce bakin dutse kamar an rataye shi a iska, ƙarƙashinsu kuwa fitilun Los Anjeles sun shimfiɗu layi-layi iyakar ganin ido. Gidan Stahl ke nan, wanda Pierre Koenig ya zana. Duk wanda ya natsu ya ƙare wa hoton kallo zai ga ginin kansa bai ci wuri ba: rufi, 'yan ginshiƙan ƙarfe, gilashi da kujeru. Saura duk gari ne, dukiyar mutanen da mai gidan bai sani ba, bai saya ba, ba shi kuma da ta cewa a kanta. Buck Stahl ya sayi filin a 1954 a kan dala 13,500, lokacin da magina ke cewa wurin ba ya ginuwa, ya shafe kusan shekara biyu yana kwaso fasassun kankare daga wuraren gini yana tokare gangaren da hannunsa. Wahalar ta biya, domin gaban gidan gangare ne mai zurfi, babu wanda zai iya tayar da gini ya tare masa gari. Dutse ne ya tsaya masa. Dubban gidajen da aka gina a kan wannan salo a Kalifoniya tsakanin 1945 da 1970 ba su da dutse a gabansu, maƙwabta gare su. Abin da tarihin unguwanninsu yake nunawa, a ganina, shi ne gidan gilashi ba ya kammaluwa a cikin iyakar filinsa. Rabinsa yana filin maƙwabci. Saboda haka ƙa'idar da ta ce kada rufi ya wuce tsayi kaza tana cikin kayan ginin kamar yadda ginshiƙi yake ciki, kuma wanda ya zo yau zai gina irin wannan gida a irin wannan unguwa ya ci moriyar haƙurin wasu, shi ma akwai bashin haƙuri a wuyansa.

Salon ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu. Rudolph Schindler da Richard Neutra, 'yan Ostiriya da suka yi ƙaura zuwa Los Anjeles, sun riga sun gwada shi, Schindler a gidansa na titin Kings a 1922, Neutra a gidan Lovell na 1929 wanda ya dasa a gefen tudu da ƙashin ƙarfe. Amma a lokacin abin na 'yan tsiraru ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauko wa ma'aikaci, da sojoji suka komo gida, aka yi ta aure da haihuwa, jama'ar gundumar Los Anjeles ta tashi daga miliyan 2.8 a 1940 zuwa miliyan 6 a 1960. A watan Janairun 1945 John Entenza, editan mujallar Arts & Architecture, ya shelanta shirin gidajen gwaji, inda masu zanen gini za su nuna yadda iyali mai matsakaicin hali zai zauna a gida na zamani; gidan Stahl shi ne na 22 a jerin. Dabarar da ke ƙarƙashin abin mai sauƙi ce. A tsohon gini bango ne ke ɗaukar rufi, don haka taga ba ta iya girma, in ta girma bangon ya raunana. Da aka koma ga ginshiƙi da azara, na katako ko na ƙarfe, sai nauyi ya sauka daga kan bango, ya zama ana iya cire shi ɗungurungum a sa gilashi mai zamewa a gurbinsa. Hakan ya zo daidai da aljihun mutane. Matsakaicin sabon gida a Amurka a 1950 kusan murabba'in mita 90 ne, masu zane kuwa sun gane cewa ɗan ƙaramin falo, in aka buɗe masa gefe guda ya fuskanci kwari ko teku, mai zama a ciki ba ya jin ƙunci. Hange ya shiga lissafi tamkar ƙarin ɗaki da ba a sayo masa bulo da siminti ba. Gida mai ƙananan tagogi in an tare masa gaba ya rasa wani jin daɗi, amma yana nan gidansa. Gidan gilashi in an tare shi ya koma ɗan akwati mai zafi, labule a sake dare da rana, mazaunansa na kallon bangon wani, wani kuma yana kallon su.

Doka kuwa ba ta bayansu. Amurka ta gaji dokar Ingila, ita kuma tun farkon ƙarni na 17, a shari'ar Aldred, wadda asalinta rikici ne a kan warin garken aladu, alƙalai suka raba abin biyu: wari da toshe haske cuta ce da ake kai ƙara a kanta, hange kuwa abin marmari ne, ba a sauraron ƙararsa. Kotunan Amurka ma sun wuce nan, suka yar da haƙƙin hasken da Ingila ta riƙe wa tsofaffin tagogi. A 1959, shekarar da aka fara gina gidan Stahl, wata kotun ɗaukaka ƙara a Fulorida ta gaya wa otal ɗin Eden Roc na Miami Beach cewa ba shi da abin yi, ko da yake maƙwabcinsa Fontainebleau yana tayar da bene hawa 14 da zai lulluɓe masa tafkin ninƙaya da inuwa a yammacin ranakun hunturu. Filinka naka ne har sama, abin da ya faɗa kan na gefe kuma ya rungumi ƙaddara. Kada a ɗauka ko'ina haka aka yi. Sarki Zeno na Rumawa, a ƙarshen ƙarni na 5, ya hana mutumin Kustantiniyya, Santambul ta yau, tare wa maƙwabcinsa hangen teku, sai in akwai tazarar ƙafa 100 tsakanin gine-ginen biyu. Masu zanen Kalifoniya ba su sami irin wannan gata ba. Sun ƙirƙiro gidan da ransa ya rataya a kan abin da doka ba ta san da zamansa ba, sai ya rage musu su tsare shi da dabarar shata fili da alkawari tsakanin maƙwabta.

Inda aka fi yin haka da gaske shi ne Crestwood Hills, a tsaunukan Santa Monika, sama da unguwar Brentwood. A 1946 wasu makaɗa huɗu suka yi shawarar haɗa kuɗi su sayi eka ɗaya, su gina gidaje huɗu kewaye da tafkin ninƙaya guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Labari ya bazu, abokai suka kawo abokai, kafin a jima ƙungiyar gama kai ta Mutual Housing Association ta tara iyalai wajen 500, ta sayi eka 800 na tudu da kwazazzabo. Ta ɗauki A. Quincy Jones da Whitney Smith su yi zane, Edgardo Contini ya zama injiniya, Garrett Eckbo kuma ya tsara shuke-shuke. Abu na farko da suka yanke ya isa a tsaya a kansa. Shimfiɗaɗɗen wuri mafi kyau, wanda ɗan kasuwa zai fara yankawa ya sayar da tsada, sun ware shi ga jama'a, aka yi wurin shan iska da makarantar renon yara, gidaje kuma aka hau da su kan doron tuddai. Sa'an nan ba su jera gidajen kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar titi kamar sahun sojoji ba. Kowane gida an karkata shi, an ɗan ja shi gaba ko baya, an saukar da shi ko an ɗaga shi gwargwadon gangaren, yadda falon wannan zai leƙa ta saman rufin wancan ko ta ratar da ke tsakanin biyu, ya hango kwari, birni ko teku, ba tare da idonsa ya faɗa ɗakin kwanan kowa ba. Rufin a kwance yake, kayan ginin bulon kankare ne da jan katako da gilashi, yawanci a bayyane ba shafe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an raba hangen tun ana kan takarda, kafin a raba fuloti, lokacin da mutum bai tabbatar ko sama zai faɗa ko ƙasa ba. Mai rabon nama da bai san kason da zai zo masa ba shi ya fi daidaita wuƙa. Aikin bai tafi sumul ba. 'Yan kwangila biyu sun karye, farashi ya hau, membobi da yawa suka gaji suka janye, gidajen da aka gina bisa zanen asali kaso kaɗan ne cikin waɗanda aka yi niyya. Amma shatar filin ta zauna, kwamitin da ke duba zanen duk mai son gini ko ƙari shi ma ya zauna, makarantar yaran kuma har yau iyaye ne ke tafiyar da ita tare.

Irin wannan kamun kai ya bayyana ko a gida ɗaya. Masu zane Charles da Ray Eames sun sami fili mai ciyawa a Pacific Palisades, a saman teku. Zanen farko, wanda Charles ya yi da Eero Saarinen, gida ne kamar gada da zai ratsa tsakiyar filin ya fuskanci ruwa kai tsaye. Ƙarfe ya yi jinkirin zuwa saboda ƙarancin bayan yaƙi, su kuwa suna ta zuwa wurin suna zama, har suka ga ginin zai cinye abin da ya jawo su. Sai suka sake zane, suka manna gidan a jikin tudu bayan jerin itatuwan turare, suka bar filin yadda yake, suka tare a jajibirin Kirsimetin 1949.

'Yan kasuwa ma sun gane, ta tasu hanyar. A tsakiyar shekarun 1950 Paul Trousdale ya sayi eka 410 na gandun iyalin Doheny a saman Beverly Hills, ya sa katafila ta yanka tudun hawa-hawa kamar matakala, ya fitar da fuloti sama da 500. A takardar kowane fuloti ya rubuta cewa gida kada ya gaza murabba'in ƙafa 3,000, kuma hawa ɗaya tak. Elvis Presley, Frank Sinatra da Richard Nixon duk sun mallaki gida a can. Yankan tudun ɓarna ce ga ƙasa, ba abin yabo a ciki. Amma a lura: mutumin da ke sayarwa ga waɗanda za su iya ɗora hawa biyar ba su ji a aljihunsu ba, shi ne ya hana su ɗora na biyu, domin hange shi ne hajarsa, fulotin sama kuma ba shi da daraja muddin na ƙasa zai iya miƙewa ranar da ya ga dama. Da sharuɗɗan suka sakwarkwace aka fara ganin manyan gine-gine suna tasowa, birnin Beverly Hills ya mai da abin doka a 1987, ya ƙayyade tsayi a ƙafa 14, mita huɗu da 'yan kai.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda babu teku babu kwari, matsalar ta sake kama. Joseph Eichler ya gina gidaje wajen 11,000 daga 1949, akasari a yankin San Faransisko, Jones ɗin nan na Crestwood yana cikin masu zana masa. Gidan Eichler ta wajen titi kusan a rufe yake, ƙofa ce da gareji. Ta baya kuwa gilashi ne zalla yana kallon ɗan lambu da shinge, daga baya ma aka ƙara tsakar gida marar rufi a tsakiya. Wanda ya tashi a gida mai zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Hangen irin wannan gida sararin sama ne da kawunan itatuwa, kuma yana tafe da sutura: shinge mai tsayin mutum ya wadatar, muddin kowa a ƙasa yake. Ranar da maƙwabci ɗaya ya ɗora bene, tagoginsa sun shiga falo da ɗakin kwanan gidaje uku ko huɗu. Shi ya sa tun shekarun 1990 birnin Palo Alto ya ba unguwanni damar neman a hana bene a cikinsu in mafi rinjayen masu gidaje sun sa hannu, unguwannin Eichler da dama kuma suka nema. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan ɓangare na rikicin. Ibn al-Rami, babban magini a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara hukunce-hukuncen da ke tilasta toshe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci. Fiƙihun ya tsananta wajen kare mutum daga a gan shi, ya sassauta a kan haƙƙinsa na ya gani. Gidan gilashi ya haɗa biyun wuri guda, don bangon da kake hange ta cikinsa ta nan ake hango ka.

Mai ja zai ce, fili nawa, kuɗi nawa, iyali sun ƙaru, don me ra'ayin mutanen 1950 zai ɗaure mini hannu? Maganar tana da nauyi. Sabon gida a Amurka yau ya ninka na 1950 fiye da sau biyu, farashin fili a waɗannan tuddai kuma ya kai inda mai saye yake ganin asara ce ya bar ɗan gida mai ɗaki biyu a kai. Amma a duba abin da ya biya kuɗin a kansa. Tsadar fulotin daga hangen ta fito, hangen kuwa yana nan ne saboda na ƙasa da shi sun yi shekara 60 ba su ɗaga rufinsu ba. Wanda ya sayi wannan, ya juya ya tare na bayansa, ya kwashi adashi ne ya ƙi zubi. In kowa ya bi sahunsa ya hau bene, an kashe kuɗi, kuma babu sauran mai ganin komai daga falonsa. Ƙa'idar ma ba ta hana faɗaɗawa ba. A gangare ana iya ƙara ɗaki ta ƙasa, a bi tudu a sauka, rufi yana inda yake. Inda mai jan yake da gaskiya shi ne a kan tsohuwar takardar da ba mai kula da ita. A Marquez Knolls, cikin Pacific Palisades, takardun filayen da aka shata bayan yaƙi sun ƙunshi sharaɗin kada a tare hange. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta fassara shi da faɗi, ta ce ya shafi ƙarin gini. A 2019, a wata shari'ar daga unguwar, kotu ta ƙuntata shi, ta ce bai hau kan gyaran gidan da yake tsaye ba. Maƙwabta sun yi shekaru suna biyan lauyoyi a kan 'yan layuka da marubucinsu ya daɗe da barin wurin. Garuruwan da suka fi dacewa su ne waɗanda ke sa mai son gini ya kafa dogayen sanduna da igiya a filinsa, su nuna ainihin tsayi da faɗin abin da zai gina, kwamiti ya shiga falon mai ƙorafi ya gani da ido kafin a haƙa tushe. Gani ya kori ji, kuma sauke sanda ya fi rushe bango sauƙi.

Suka ta biyu ta fi ciwo, ba ta kuma amsuwa da sauƙi. Takardar filin da ta ce kada a tare hange, a unguwanni da yawa ita ce dai ta ce kada a sayar wa baƙar fata ko ɗan Asiya. Hukumar lamunin gidaje ta tarayya, FHA, ta daɗe tana fifita unguwannin da ke da wannan sharaɗi. Ƙungiyar Community Homes, wadda Gregory Ain ya zana wa gidaje 280 a Reseda, ta watse ba a aza tubali ba, domin ta ƙi korar membobinta waɗanda ba farare ba, hukumar kuma ta ƙi tsaya mata. Ƙungiyar Crestwood ita ma ta ci karo da wannan bango, ta sunkuya, wasu membobinta suka fice don ɓacin rai. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin waɗannan sharuɗɗa, sai a 1968 doka ta haramta wariya a sayar da gidaje gaba ɗaya. Eichler ya fita daban, yana sayar wa kowa, har ya fice daga ƙungiyar magina ta ƙasa a 1958 a kan batun. Yau sharaɗin launin fata ba shi da ƙarfi a doka, amma Kalifoniya na fama da ƙarancin gidaje, kusan kashi uku cikin huɗu na filin zama a Los Anjeles an keɓe shi ga gida ɗaya iyali ɗaya, kuma sau da yawa wanda ba ya son sababbin maƙwabta da hange yake fakewa. Duk wannan haka yake. Amsar da nake da ita ita ce a raba ƙa'idar da ke auna tsayin rufi da mazaunin gini daga wadda ke ƙidaya mutane ko zaɓen su. Ta farko kowa ta ɗaure kowa ta amfana. Ta biyu na ciki take amfana, na waje ke biya. Akwai kuma shaidar cewa yawan jama'a da hange suna iya zama tare. Ain ɗin nan, a 1948, ya kammala wa wata ƙungiyar gama kai gidaje goma manne da juna a titin Avenel, unguwar Silver Lake, sahu biyu na biyar-biyar a gefen tudu, kowanne ya ɗan goce daga na kusa da shi kamar haƙoran zarto, kowane iyali da bangon gilashinsa da ɗan tsakar gidansa da rabonsa na hange, a filin da bai kai eka ɗaya ba. Hangen da ya fi cancantar kariyar hukuma ma shi ne na mai wucewa a hanya, wanda ba shi da fuloti. Da aka fara gina unguwar Sea Ranch a gaɓar Sonoma a tsakiyar shekarun 1960, gidajen sun yi kyau, sun lafe cikin ciyawa, amma mil goma na bakin teku za su koma na masu gida kaɗai. Fushin da hakan ya tayar yana cikin abin da ya kai ga ƙuri'ar jama'a ta 1972 da dokar gaɓar teku ta 1976, wadda ta sa kyan gani a bakin ruwa cikin dukiyar jama'a da hukuma za ta tsare.

Abin da masu zanen farko ba su auna sosai ba shi ne itace. Tuddan da suka gina a kai gajeriyar sarƙaƙiya ce ta rufe su, sababbin mazauna suka yi ta dashe, bayan shekara 30 rufin da aka hana wuce mita huɗu ya sami bishiya mai mita 20 a gefensa. A 1989 masu ƙuri'a a Rancho Palos Verdes suka amince da dokar da ta ba mai gida damar neman a rage bishiyar maƙwabci in ta wuce ƙafa 16 ko tsayin rufi ta kuma tare masa hange ƙwarai, shi mai neman ne zai biya kuɗin saran farko. Garin Tiburon yana da irinta, kotu ta tabbatar da ita a 1997, Beverly Hills kuma ta yi wa unguwar Trousdale tata a 2011. A nan sai a taka a hankali. Bene mai shi kaɗai yake amfana, bishiya kuwa tana riƙe ƙasar gangare, tana sanyaya titi, kuma ita ma wani yana kallon ta daga falonsa da jin daɗi. Sassabe a buɗe rata ya fi sarewa, hangen da ya cancanci a maido kuma shi ne wanda mutum ya tarar ranar da ya sayi gidan.

Wuta ce ke sake tado maganar daga tushe. A ranar 6 ga Nuwamba, 1961, iskar Santa Ana ta kora gobarar Bel Air ta cinye gidaje 484, gommai daga cikinsu a Crestwood Hills. Gangaren da ke ba da hange shi ke ba wuta hanya, don ta fi gudu in tana hawa, masu cewa da ma ba a gina a can ba kuma ba su rasa hujja ba. A ranar 7 ga Janairu, 2025, gobarar Palisades ta tashi, ta kashe mutum 12, ta lashe gine-gine sama da 6,800. Gidan Eames ya tsira, babban ɓangare na Marquez Knolls ya zama toka. Hukumar birni ta buɗe hanyar gaggawa ga wanda zai mayar da gidansa in bai wuce tsohon da kashi 10 cikin 100 ba. Kashi goma a kan rufi mai mita huɗu bai kai rabin mita ba, amma a titin da aka shata yadda falon sama ke leƙawa ta kan rufin ƙasa da 'yar tazara, wannan ɗan ƙarin na iya raba mutum da teku. Wanda ya zaɓi sabon zane gaba ɗaya kuwa, dokar gini ta gari ta ba shi tsayin da ya zarce haka nesa. Ba wanda ya isa ya tsaya a kan tokar gidan mutum ya yi masa wa'azin haƙuri. Sai dai gobarar ta bar tituna sukutum fili fetal, masu su duk suna zane a lokaci guda, kamar yadda membobin Crestwood suka yi a ƙarshen shekarun 1940. Bambancin shi ne wannan karon kowa da nasa mai zane da nasa kamfanin inshora, kuma kowa ya riga ya san ko a sama yake ko a ƙasa.